Waƙar da Na Ɗauka a Bakin Mama Filomina

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina aikin katikis. Ranaku da yawa sun wuce ba su bar mini ko alama ba, amma ban taɓa iya mantawa da Lahadin godiyar kaka da muka yi a Haɗeja ba, a shekarar da ta biyo bayan gama yaƙin basasa. Tunda kun ce in ba ku labarin aiki, ku da za a rarraba ƙauyuka bayan wannan kwas, to ba na bajinta zan ba ku ba. Na ɓarnar da na yi ne da hannuna, ina yi ina murmushi.

Ga wanda bai san tsarinmu na Katolika ba, katikis ba Fada ba ne. Ba ya yin Misa. Shi ne dai mai riƙe da coci idan Fada ba ya nan: ya koyar da masu shirin baftisma, ya ja addu'ar Lahadi, ya duba marasa lafiya, ya binne mamaci in abin ya zo da gaggawa. Haɗeja a lokacin ƙaramin reshe ce. Fadanmu, wani dogon Bature ɗan ƙasar Ayilan, daga Kano yake zuwa sau ɗaya a wata, in hanya ta yarda. Cocin kuwa ɗaki ne na jar ƙasa da rufin kwano a gefen gari, benci goma sha biyu ne a ciki. Jama'armu duk baƙi ne: malaman makaranta daga Kudancin Zariya irina, ma'aikatan asibiti da na gona daga Filato, 'yan sanda, sai 'yan kasuwa Ibo da suka fara dawowa ɗaya-ɗaya.

Mu da muka taso a da, da Latin muka san ibada. Fada yana fuskantar bagade, wato teburin Misa, ya ba mu baya, yana yi muna amsawa da abin da muka haddace. Bayan babban taron da shugabannin ikilisiya suka yi a Roma, sai umarni ya riƙa saukowa a hankali, cewa kowace al'umma ta yabi Allah da harshenta da kiɗanta. Kafin abin ya iso ɗan ɗakinmu na bakin fadama an ɗauki shekaru. Wata Asabar Fada ya sauko daga motarsa ya miƙo mini takarda daga ofishin Bishof.

Ya ce, "Malam Yohanna, daga yanzu waƙoƙin Hausa za mu yi. Kada ka ɗauko karin Turawa ka lulluɓe shi da Hausa. Ka buɗe kunne, ka nemo na ƙasa."

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Katikis ya samo kari ya ɗora masa kalmomi, Fada ya duba ko kalmomin sun dace da koyarwa, a gwada waƙar Lahadi uku ko huɗu. In ta karɓu, a kai ta Kano a buga a ɗan littafin waƙoƙin da ake haɗawa, da sunan wanda ya tsara a ƙasa. Ku lura da wannan na ƙarshe. Ina da shekara ashirin da shida, ba ni da mata, ba ni da keke, kuma an ce za a buga sunana a littafi. Kaina ya ɗauki hayaƙi.

Ba kowa ne ya yi murna ba. Samarin malamai sun ji daɗi, su da ma gyangyaɗi suke yi a Latin. Wani ɗan kasuwa Ibo ya ja ni gefe ya ce, da can kowa baƙo ne a gaban Latin, yanzu kuwa shi kaɗai aka mayar baƙo. Wanda ya fi tayar da jijiyar wuya shi ne Baba Kofur, tsohon soja mai gadin ofishin gona. Bai san baƙi ko ɗaya ba, amma Misa tun daga farko har ƙarshe tana kansa a Latin, kuma shekara da shekaru shi ke ɗaga murya. Ya ce da ni, "Malam, ni a Barma da wannan na roƙi Allah, ya kuma ji ni. Yanzu ka ce sai da ganga?" Na amsa masa da takardar Bishof. A lokacin duk wanda ya yi mini magana da takardar Bishof nake amsa masa.

Kuskurena na farko abin dariya ne. Na shiga kasuwa na sayo kalangu, don na ga yana da zaƙin murya. Lahadi da safe muka fara gwaji, ba mu yi minti goma ba sai ga sallama a ƙofar coci. Na fito na tarar da tsofaffi mata biyu da wani dattijo, kowa da kwano a hannu. Maƙwabcinmu Baba Modu, wani masunci da kakanninsa suka taso daga bakin Tafkin Cadi, yana jingine da katanga yana dariya har da hawaye.

Ya gaishe ni da yaren kakanninsa, ya ce, "Wushe, Malam. Sa ka yanka ne ko raƙumi?"

Ashe a garin kalangu kiɗan mahauta ne, in an ji shi da safe an san nama ya faɗi. Da ya gama dariyarsa sai ya ce, "Ɗana, a nan ba a kaɗa abu sai an tambayi na su wane ne." Shi ya kai ni wurin wanda ya ɗinka mana ganga ta sosai. Na yi dariya tare da shi, na ba da labarin a wurare da yawa, amma maganar tasa ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu.

Yanzu bari in gaya muku wace ce Mama Filomina. Mutuniyar Filato ce, daga wani ƙauye can kan duwatsu, kuma a duk cocin babu mai jin yarensu sai ita. Mijinta malamin asibiti ne, aiki ya kawo su Haɗeja tun zamanin Turawa, a nan ya rasu, a nan aka binne shi. Kafin a gina coci, a zaurenta ake taruwa. Na san ta rasa ɗa, haka na ji ana faɗa, ban kuwa taɓa tambayar yadda aka yi ba. Ranar da na sauka a garin ita ta fara aiko mini da tuwo, kuma tun daga ranar ba ta kirana da komai sai "ɗana Malam". Kowace Asabar da yamma takan zo da tsintsiyarta ta share coci, ba wanda ya sa ta.

A wajen sharar nan na ji abin. Ina ɗan ɗakin ajiye kayan Misa ina goge fitila, sai na ji tana rera wani kari a maƙogwaro, bakinta a rufe. Ban taɓa jin irinsa ba. Yana hawa a hankali, ya tsaya, ya yi ɗan shiru kamar na numfashi uku, sannan ya gangaro. Na lura ba ta yin sa sai ta iso benci na huɗu a hannun dama. Nan za ta daɗe tana goge katakon da gefen zanenta. Mai hankali da ya tsaya a nan ya yi tunani. Ni kuwa abin da na ce a raina shi ne, "Ga na ƙasa, tsantsarsa!"

Asabar uku ina laɓe ina saurare har na haddace shi. Ban tambaye ta ba, kuma da gangan na ƙi, wai ina so in yi mata ba-zata, ta ji muryar garinsu a gaban bagade ta yi farin ciki. Na ɗora masa kalmomin godiya, na gero da shinkafa da ruwan sama. Na ga yana da nauyi, sai na ƙara masa sauri don ya hau ganga. Ɗan shirun nan na tsakiya ya dame ni, na ga kamar rami ne a hanya, sai na cike shi da tafi uku. Muka yi ta gwaji da mawaƙa a ajin makaranta don kada ta ji. Fada ya karanta kalmomin ya ce babu kuskure ko ɗaya.

Ranar godiyar kaka coci ya cika har waje. Al'adarmu ita ce a lokacin baiko kowa ya taso da abin da ya samu ya kai gaban bagade. Ga damman gero, ga shinkafar fadama, ga bandar kifi, ga kaji an ɗaure musu ƙafa. Na ɗaga hannu, ganga ta tashi, mawaƙa suka kama. Kafin a gama baiti na farko jama'a sun ɗauka, a baiti na biyu har Baba Kofur na gani yana kaɗa ƙafa a ƙarƙashin benci. Na juya ina neman fuskar Mama.

Tana cikin layi, ƙwaryar gyaɗa a kanta. Ta tsaya cik, na bayanta suna ratse ta suna wucewa da rawa. Da aka zo wurin tafin, jama'a suka buga shi da ƙarfi sau uku, sai na ga ta rufe ido. Ta sauke ƙwaryar a hankali, ta ajiye a ƙasa a tsakiyar hanya, ta juya ta fita. Na ce a raina zafi ne ya yi mata yawa.

Bayan Misa Fada ya kama hannuna da hannu biyu. Ya ce, "Malam, wannan ita ce! Ku ci gaba da yin ta. In na dawo wata mai zuwa zan tafi da ita Kano." A ranar ko tuwo ban iya ci sosai ba don daɗi.

Lahadi ta zagayo, Mama ba ta shigo ba. Tana tsaye a gindin darbejiyar da ke waje, da carbinta a hannu, har muka tashi. Asabar ta zo ta share tsakar gida tas, amma ba ta taka ƙofar coci ba. Ta gaba ma haka. Matar da aka fara coci a zaurenta ta koma tana ibada a rana kamar wadda aka kora, kuma kowa yana gani. Na tambayi kaina dalili, na kuma ba kaina amsa nan take, cewa tsufa ne, irin na Baba Kofur, ba ta son ganga.

Sai na ɗauki takardar Bishof na tafi gidanta. Ina jin kunyar faɗar wannan, amma sai na faɗa. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo kunu, na zauna na yi mata wa'azi na kusan rabin awa a kan taron Roma da biyayya ga shugabanni. Ta saurare ni har na gama, hannuwanta a kan gwiwa.

Ta ce, "Na ji, ɗana Malam. Allah ya ƙara wa Bishof lafiya. Sha kununka kada ya huce."

A halin nan waƙar ta riga ta tsallake katanga. Matanmu suna daka da ita. Maƙwabta ma da ba su san kalmomin ba sun ɗauki karin, da tafinsa. Duk inda na ji ta sai in ji ƙirjina ya buɗe.

Wata Alhamis da la'asar ina dawowa daga duba wani marar lafiya, na tarar da Baba Modu a ƙofar gidansa yana ɗinkin koma. Ya kira ni. Wannan karon babu dariya a fuskarsa.

"Malam, waƙar nan da kuke yi da tafi, a ina ka samo ta?"

Na ce, da alfahari, "A bakin Mama Filomina."

"Ita ta ba ka?"

Na girgiza kai. Ya ajiye komar a cinyarsa.

Ya ce, "Ni na san waƙar nan kafin kai. Shekara shida ke nan, a tsakiyar damina, kogi ya cika ya shafe fadama. Ɗanta Siman, malamin gona, ya shiga jirgi zai haye wajen Kirikasamma duba manoman shinkafa. Jirgi ya kife a mashigi. Mun tsamo huɗu da rai, shi ba mu gan shi ba. Kwana bakwai muna kan gora muna lalube, tun daga nan har inda ruwa ya rabu biyu. Kullum tana zaune a bakin gaɓa, daga fitowar rana har faɗuwarta, ba ta kuka, ba ta magana, sai wannan abu a maƙogwaro. Ni Musulmi ne, ban san addininku ba. Amma ranar da na ji kuna tafi a kanta, alwala nake yi, sai da na ajiye butar."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Benci na huɗu ya faɗo mini a rai, da yadda take goge shi da gefen zane. Ban ko shiga gida ba, na wuce wurinta.

Na same ta tana tsince wake. Na cire takalmi tun daga zaure, na durƙusa, na ce, "Mama, na yi miki sata, na kuma zo har gida na yi miki wa'azi a kai. Ki yafe mini."

Ta dube ni, ta ce, "Wa ya gaya maka?"

"Baba Modu."

"Mutumin kirki. Kwana bakwai bai kama kifi ko ɗaya ba saboda ni." Ta ture faifan gefe. "Tashi ka zauna, ɗana. Gwiwarka ba za ta gyara komai ba."

Sannan ta yi mini bayani, a hankali, kamar mai koya wa yaro. A garinsu wannan ita ce waƙar da uwa take raka ɗanta da ita. Ba a buɗe baki da ita sai an sa gawa a rami, uwa ta zuba ƙasa da hannunta. Ita kuwa ba ta ga gawa ba, ba ta zuba ƙasa ba, don haka shekara shida waƙar tana maƙale a wuyanta, ba ta fita ba, ba ta koma ba. A benci na huɗu Siman yake zama.

Ta ce, "Ka san wurin da kuke yin tafi?"

Na ce na sani.

"A nan ake kiran sunan wanda ya tafi. Shi ya sa ake barinsa a buɗe."

Na fashe da kuka, ni katikis, a gaban tsohuwar da na zo ba haƙuri, har ita ta koma tana ba ni. Da na samu murya na ce zan hana waƙar daga ranar.

Ta ce, "Ka hana wa? Matan unguwa? Ta riga ta fita. Kuma kada ka ɗauka ganga nake ƙi, ni da na yi rawa a bikin rabin mutanen cocin nan. Fadan wancan lokaci ya yi wa Siman Misa, da baƙin ƙyalle, da Latin. Na san ta isa wurin Allah, na gode masa. Ni Latin ba ta taɓa damuna ba, mutum yana iya ɓuya a cikinta ya yi kukansa ba wanda ya sani. Amma wannan tawa ce. Abin da ke ci mini rai, kowa a garin nan ya buɗe baki da ita, sai ni uwarsa."

Ranar Asabar Fada ya iso, tun bai kashe mota ba yake tambayar takardar waƙar. Na ce ba zan bayar ba, na gaya masa dalili. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi.

Ya ce, "Ni na ce ka buɗe kunne, ban ce ka buɗe baki ka tambaya ba. Na duba kalmomi, ban tambayi karin ba. Laifin namu ne mu biyu. Mu je wurinta."

Ya zauna a tabarmarta, dogayen ƙafafunsa sun rasa inda za su shiga. Bai kawo mata shawara ba, tambayarta ya yi me take so. Ta ce tana so ta ga wurin da jirgin ya kife, don ko a wancan lokaci daga gaɓa kawai ta hango. Aka kira Baba Modu. Ya ce, "Na san gurbin kamar tafin hannuna. Mu masunta, wanda ruwa ya riƙe, ruwan ne kabarinsa, haka muka tarar." Mama ta juya maganar a ranta. Can ta ce, "To in kabari ne, ai ana zuba masa ƙasa." Ita ta yanke wannan da kanta, ba Fada ba, ba ni ba.

An shiga watan da muke tunawa da matattu, don haka Fada ya ɗage komawarsa zuwa Litinin. Da sassafe Mama ta biya ta kabarin mijinta ta ɗebi ƙasa cike da hannu, ta ƙulle a bakin zane. Muka shiga jirage biyu. A namu akwai Baba Modu yana tuƙi, da Mama, da Fada, da ni. A ɗayan akwai Baba Kofur da mata huɗu daga cikin mawaƙa. Ruwa ya fara ja da baya, shinkafa ta yi ja a gefe da gefe, balbelu sun cika fadama. Muka yi ta tafiya har Baba Modu ya kafa sandarsa a wani wuri da ruwan ya yi duhu ya ce, "Nan ne."

Fada ya karanta addu'ar matattu da Hausa, ya ambaci sunan Siman, ya yayyafa ruwa mai tsarki. Sai Mama ta juya wajen ɗayan jirgin ta ce, "Kofur, yi masa irin wadda ka yi wa ubansa." Tsohon nan da na yi wata da watanni ina rufe wa baki da takarda ya miƙe tsaye a cikin jirgi, ya cire hula, ya rera ta Latin ta rakiyar mamaci, muryarsa tana rawa. Ban taɓa jin ta yi kyau kamar a ranar ba.

Mama ta kwance bakin zane, ta sunkuya, ta saki ƙasar a kan ruwa kaɗan-kaɗan har hannunta ya zama wayam. Ta ɗago ta dube ni.

"Ɗana Malam, ina gangar?"

Na ce na baro ta gida. Kunya ce ta hana ni ɗaukowa.

Ta ce, "Kai dai ba ka tambaya. A wurinmu ba a raka namiji ba ganga."

Baba Modu ya jawo babban goransa na su daga ƙarshen jirgi, irin wanda suke kwanciya a kai su bi ruwa, ya turo mini. Mama ta kama wuyan hannuna ta nuna mini yadda ake yi: bugu ɗaya, a jira, bugu ɗaya. Na kama.

Sai ta buɗe baki. Da yarensu ta yi, ba wanda ya ji kalma ɗaya a cikinmu, ba kuma wanda ya buƙaci fassara. Muryar ta fito a shaƙe da farko, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba, sannan ta miƙe. Ta hau, ta hau, ta iso wurin nan. Hannuna ya tsaya a kan gora. A cikin shirun ta kira, "Siman," ba da ƙarfi ba, kamar yadda uwa take kiran ɗa ya zo ya ci abinci. Sau uku ta zagayo, sau uku ta kira shi. A na ukun ta yafito matan da hannu, suka riƙe mata karin a maƙogwaro, baki a rufe, ita kaɗai ce mai kalmomi. Na ga Baba Modu ya juya fuska wajen shinkafa yana share ido da hannun riga.

Da ta gama ta wanke hannu da fuska a kogin, ta ce, "Mu koma, rana ta fara zafi, Fada zai ƙone."

Lahadin da ta biyo na tsaya gaban jama'a na ce waƙar godiyar nan na ɗauke ta ba da izini ba, ba za mu ƙara yin ta ba, laifin kuma nawa ne. Ban faɗi sauran ba, amma ina ganin yawancinsu sun riga sun ji. Ina cikin magana Mama ta shigo, ta wuce wurin da ta saba zama, ta je benci na huɗu a hannun dama ta zauna. A unguwa kuwa karin ya yi ta yawo har wata biyu, sannan wata sabuwar waƙa ta zo ta ture shi, kamar yadda aka saba.

Sunana bai shiga littafin ba a wannan shekara. Daga baya ya shiga, a ƙarƙashin wasu waƙoƙi da na bi gida-gida na roƙa. Mun ci gaba da ganga, cocin ya saba da ita, har ɗan kasuwan nan ya koya mana ɗaya da yarensu. Na kuma bar wa Baba Kofur ta Latin guda a kowace Misa har ƙarfinsa ya ƙare, ban ga inda takardar Bishof ta hana ba, da na zauna na karanta ta da kyau.

Abin da nake so ku tafi da shi ke nan. Za a tura ku cikin mutanen da kowannensu ya baro garinsu da abin da ya ɗauko a maƙogwaro. In wani ya ƙi sabuwar waƙa, kada ku yi saurin cewa taurin kai ne, ku je ba tare da takarda ba ku zauna. In kun ji kari ya yi muku daɗi, ku tambayi mai shi abu biyu: na wane ne, kuma me ake yi da shi. In kun tarar da shiru a tsakiyar waƙa, ku bar shi yadda kuka same shi.

Shekara tara bayan haka Mama ta kwanta ciwon ajali. Ta aika aka kira ni, ta koya mini kalmomin ɗaya bayan ɗaya, tana gyara mini harshe tana dariyar yadda nake murɗe su. Ta ce a garinsu uwa ce take yi wa ɗa, amma tunda ba ta da kowa a nan sai ni, ta ba ni izini in juya ta sau ɗaya. Ranar da muka binne ta kusa da mijinta, na zuba ƙasa da hannuna, na buɗe baki. Da na iso wurin da na taɓa cikewa da tafi, na tsaya, na kira sunanta.